Batirin da Na Juya

Jikata ce ta tono min wannan magana, ba da saninta ba. Ta zo daga Tudun Jukun ta yi mana kwana biyu, kuma tunda ta zo idonta bai bar waya ba. Ina kishingiɗe a zaure bayan azahar sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai, na ce, "Amarya, da wa ake wannan nishaɗi ba da ni ba?" Ta miƙo min wayar ta ce, "Tsoho, duba don Allah. Wai fim ɗin ban tsoro ne, kuma wai rediyo ne dodon. Rediyo fa! Wa zai ji tsoron rediyo?" Na duba. Ɗan akwati ne a kan tebur cikin wani ɗaki mai duhu, yana ta shuuu, wata mata tana ja da baya. Na mayar mata da wayarta na ce ta tashi ta kawo min ruwa. Ba ƙishirwa nake ji ba, so nake ta bar wurin kafin ta lura da fuskata.

Ban ga laifinta ba. Yaran yanzu sun taso murya tana fitowa daga aljihun kowa, in sun so su ji ta sau goma sai su danna ta dawo. Mu a Kwarbai ta cikin birnin Zariya da muka taso a ciki, murya daga bakin mai ita take fitowa, in ta wuce kuwa ta wuce. Ladan da maƙogwaronsa yake kiran salla, kuma har ƙarshen unguwa ana jin sa, domin babu babur, babu janareta, babu mai tallan maganin basir da lasifika. Abin da kunne ya saba da shi shi ne daka da sassafe, da karatun safe, da bugun masu bugun riguna da ke tashi da hantsi, dum-dum, dum-dum, har ka daina jin sa sai in sun tsaya. Gidanmu gidan ɗinki ne. Baba, mahaifinmu, yakan zauna a zaure da mu da wasu maƙwabta, kowa da riga a cinya, ana bin zanen aska takwas da allura, a yi wata uku a kan riga guda ba wanda ya ce an yi jinkiri. Yau keken zamani yana gama irinta kafin shayi ya huce, kuma in ka dube ta sai ka ga kamar an buga mata tambari.

Rediyon gidanmu Yaya Iro ne ya saya. Shi ne ɗan fari a wurin Inna, ya girme ni da shekara bakwai, kuma shi kaɗai ne cikinmu allura ta ƙi zama a hannunsa. Baba yakan ce ɗinkin Iro in ka ɗaga shi a rana sai ka hango kasuwa ta cikinsa. Da aka shiga yaƙin basasa aka fara ɗibar sojoji, ya je ya ba da sunansa, kuma kafin a wuce da su kudu ya zo gida da kaki a jikinsa da wannan akwati a hammata. Baƙi ne, da rigar fata, yana cin batir huɗu manya. Baba bai so shi ba, ya ce ba za a kawo masa kaɗe-kaɗe zaure ba, don haka aka shiga da shi cikin gida, aka ɗora shi a kan wani kwando da aka kife a bakin ɗakin Inna. Ita ta ɗinka masa ɗan mayafi saboda ƙura. Ni kuma aka ba ni aikin batir. Kowace safiya in cire su in jera a kan katanga rana ta gasa su, domin mun yi imani rana tana mayar musu da ƙarfi, kafin la'asar kuma in mayar da su.

Kafin la'asar ɗin nan yana da dalili. A lokacin gidan rediyo yakan aika mutane bakin daga su ɗauko muryoyin sojoji a faifai, a zo a sa bayan la'asar, kowa ya gaida gida. Soja zai faɗi sunansa da garinsu, ya gaida iyaye da 'yan'uwa, wani ya yi dariya, wani muryarsa ta sarƙe a tsakiya a wuce zuwa na gaba. Sau ɗaya ake sa kowane, ba a maimaitawa. Duk gidan da ke da ɗa a can, wannan lokacin ba a daka, ba a faɗa, har awaki ake kora.

Inna kuwa ba ta taɓa cewa tana jiran komai ba. Matan zamaninta ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna sun damu da shi, in ana zancensa ma sai su kau da kai. Ban taɓa jin ta ce Iro ba, sai dai "wancan" ko "yayanku". Amma da an sallame la'asar sai ka ga kaɗinta ya kawo ta bakin ɗaki, ta zauna da mazari da auduga, ta ba rediyo baya kamar ba ruwanta da shi. In aka ce ga wani daga Zariya, mazarin yakan tsaya cak a hannunta. In aka faɗi sunan da ba shi ba, sai ya ci gaba da juyawa. Wata bakwai tana wannan zama, ba wasiƙa, ba saƙo, kuma duk gidan mun san abin da take jira, ba dai mai faɗi.

Ina da shekara goma sha shida a lokacin, shekarun da mutum yake ganin ya fi kowa wayo. A wajen ganuwa akwai gidan silima, wanda a wurin mutanen birni zuwansa da zuwa mashaya duk ɗaya ne. Ɗan gidan malamai in aka gan shi a can, har kakansa sai an ambata. Abokina Tanimu, ɗan Goggo Delu maƙwabciyarmu, shi ya koya min hanya. Mukan yi sallar magariba a masallacin da ba a san mu ba, mu fice, mu dawo kafin a rufe zaure. Gidan silimar fili ne babu rufi, da bencina, da farin bango. Yawanci fim ɗin Indiya ake sawa ko na kaboyi, a yi ta ihu ana tafi. Ran nan sai aka sa wani na Turawa da ba waƙa ba doki.

Ba ma jin Turanci, amma a kowane layi akwai wanda ya taɓa gani ko yake riya yana ji, shi ke fassara wa na kusa da shi. Wasu mutane ne suka tare a wani tsohon gida suka tarar da rediyo a ciki. Ba mai taɓa shi, sai ya kunna kansa. Ya yi ta shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, can sai wata murya ta fito a hankali, cikin ladabi, ta kira sunan mutum guda a gidan. Mai fassararmu, wani mai faci da ke bayanmu, ya sunkuyo ya ce, "Kun ji ko? Ya kira shi. Wannan ya gama yawo." Haka kuwa aka yi. Duk wanda akwatin ya ambata ba ya kai gobe. Suka cire masa waya, ya yi magana. Suka kulle shi a ɗaki, ya yi magana. Ba jini, ba dodo mai ƙaho, muryar nan ce kawai mai sanyi kamar ta mai karanta labarai. Na sha ganin fina-finan aljanu ina dariya, domin aljanun Turawa ba su yi kama da namu ba. Wannan kuwa akwatin da na gani a bango, har rigar fatar, irin namu ne.

Washegari bayan la'asar na shigo cikin gida ɗaukar zare, na tarar da Inna a wurin zamanta, rediyo yana shuuu kafin tasha ta kama. Gabana ya faɗi. Mai gabatarwa ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya cikin wannan murya mai ladabi. Wani tunani ya shige ni ya zauna, cewa duk ranar da akwatin nan ya kira sunan Yaya Iro a cikin gidan nan, shi ke nan mun rasa shi. Na san shirme ne. Na yi karatun allo, na san ajali ba a hannun akwati yake ba, kuma da wani ne ya faɗa min haka da na yi masa dariya har ya ji kunya. Amma tsoro bai tsaya ya tambayi abin da na sani ba. Ina son yayana. Shi ya koya min hawa keke, shi yake karɓar duka a madadina, kuma ban iya zama ina jiran a kira shi ba.

Kwana biyu ina fama da abin. A na uku, da na kwaso batir daga kan katanga, na mayar da uku daidai, na huɗun na juya shi, kai a wurin gindi. Na rufe murfin, na mayar da mayafin. Da Inna ta murɗa, shiru. Ta jijjiga shi, ta buga shi da tafin hannu, ta ce, "Kai, zo ka ga abin nan, yau ya ƙi." Na zo na yi ta murɗe-murɗen ƙarya, na buɗe baya na hura, na ce ina jin wani abu ne ya ƙone a ciki. Mai gyaran rediyo ɗaya ne muka sani, can wajen Ƙofar Gayan, kuma ya tafi ƙauyensu biki, sai bayan Juma'a. Inna ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ta ci gaba da kaɗinta a wurin, gaban mataccen akwati, har lokacin shirin ya wuce. Ni kuwa a daren na yi barci mai daɗi, ina ganin na tsare ƙofa.

Kullum da safe ina shanya batir kamar yadda na saba, don kada a gane, kullum ina mayar da ɗayan a juye. Ran Alhamis muna zaure muna ɗinki bayan la'asar, sai muka ji muryar Goggo Delu ta kan katanga, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Ku buɗe! Ku buɗe rediyo! Ga Iro nan, ga Iro!" Na ji Inna ta ce, "Namu ba ya yi!" Goggo ta ce, "To zago, yi sauri!"

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, amma irin ginin birni, ƙofarsu a wani lungun take, sai ka fita ka zaga bayan masallaci. Inna matar kulle ce. Tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ratsa zaure da rana ba, balle da maza a ciki. Ranar sai ga ta ta fito a guje, ba mayafi, ba takalmi, auduga a manne da zaninta, ta tsallake ƙafafun mutane da rigunan da ke cinyarsu. Maza suka sunkuyar da kai. Muna jin ta a lungu tana cewa, "Iro! Iro, tsaya!" Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta a gaban jama'a.

Ban san lokacin da na jefar da rigar hannuna ba. Na faɗa cikin gida, na fizge mayafin, na ɓalle murfin, na juya batirin. Garin sauri ɗaya ya faɗi ƙasa na ɗauko. Na murɗa. Nan take muryarsa ta cika tsakar gida, kamar yana tsaye a bakin rijiya. Ƙarshen maganar na samu. Ya ce, "...kuma a ce wa Inna kada ta sa damuwa, ina cin abinci sosai, sai dai ba a iya fate a nan ba." Ya yi 'yar dariyarsa ta hanci. Daga nan mai gabatarwa ya ce ga wani daga Katsina.

Na ɗago kai, sai na ga Baba a tsaye a bakin ƙofar shigowa, da allura a hannunsa. Ya ga murfin a ƙasa, ya ga batir, ya ga rediyon da aka ce ya ƙone yana magana. Bai tambaye ni dalili ba sai da na faɗa da kaina, ina kuka, har da silimar, har da mai facin. Na zaci zai ɗauko dorina, kuma wallahi na so ya ɗauko. Sai ya dube ni ya ce, "Kashe shi. Mayar da shi yadda ka yi shi, ran Asabar ka kai wa mai gyara kamar gaske. Uwarka ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Kai ka yi, kai za ka ɗauka." Ya juya ya koma zaure ya ci gaba da ɗinkinsa.

Inna ta isa gidan Goggo Delu bayan ya gama. Da ta tsaya a gida, da ta ji abin da na ji. Goggo ta ara mata mayafi, aka rako ta bayan magariba, ta wuce ɗaki kai tsaye. Daga ranar kunyar ɗan fari ta fita daga kanta. Duk macen da ta shigo gidan, in dai gidansu da rediyo, sai ta zaunar da ita ta ce ta faɗa mata abin da ya ce. Kalmomin ta same su, har ta haddace. Abin da ta kasa samu shi ne yadda ya faɗe su. Wata ta ce da fara'a ya yi magana, wata ta ce kamar a gajiye, Goggo Delu ta ce ita ihun da take yi bai bar ta ta ji da kyau ba. Ta tambayi mai kawo itace, ta tambayi mai tallan manja. Ni da nake kawo mata ruwan alwala kullum, ba ta tambaye ni ba, na ɗauka don a saninta ina zaure ne.

Bayan wata biyu wani soja mai ɗingishi ya yi sallama a zaure, da ƙullin kayan Yaya Iro. Tare aka ɗauki muryarsu rana guda. Ya ce bayan ɗaukar da kwana tara aka harbe shi a bakin wani kogi, kuma faifan sai da ya yi fiye da wata kafin ya iso gidan rediyo. Wato ranar da nake juya batir don in tsare shi, ya riga ya yi makonni a ƙasa. Ban tsare kowa ba. Abu ɗaya ne ya rage na yayana a duniya, minti guda na muryarsa, ya yi tafiya daga kudu har Kwarbai yana neman uwarsa, ni kuma na hana shi shiga.

Ban sake taka gidan silima ba. Yanzu ma babu shi, an rushe an yi shaguna, ana sayar da tayal da kayan wuta a inda farin bangon yake. Baba ya rasu bai sake tayar min da maganar ba ko sau ɗaya, sai dai in ana shirin gaisuwa ya ji sautinsa daga wani gida, yakan dube ni ta saman tabarau ya mayar da kai. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na gaji zauren, ɗinkin hannu ya mutu a hannunmu muna kallo. Inna ta ci gaba da buɗe rediyo bayan la'asar shekara da shekaru bayan an daina shirin, ko za su yi kuskure su sake sawa. Na taɓa zuwa har gidan rediyon da ƙafata, bayan na zama magidanci, na roƙi a duba min. Wani dattijo a wurin ya saurare ni da kyau, ya ce faifan wancan lokaci ana gogewa ne a ɗora wani abu a kai, saboda ba su da yawa.

Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. A shekararta ta ƙarshe nakan shiga wurinta da hantsi in yanke mata farce, mu yi hira. Na riga na haura hamsin, da furfura a gemuna. Ran nan ina riƙe da hannunta sai ta ce, "Ɗan nan, rediyon nan da ya lalace, me mai gyara ya ce ya same shi?"

Na ce, "Inna, ai an daɗe."

Ta ce, "An daɗe. Ina lungu ina gudu na ji shi ya tashi a bayana. Muryar ta katangarmu ta fito, ba ta gidan Delu ba. Na tsaya, na rasa in koma ne ko in ci gaba, kafin in yanke shawara ya gama."

Na saki abin yankan farcen. Na fara ba ta labarin silimar, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Babanku ya faɗa min dalilin kafin ya rasu, ya ce in yafe maka. Na ce masa ai tun a lungun na yafe. Ɗaya ya tafi, in kori ɗayan? Na yi shiru ne don na ga kana ɗauke da shi, na ce in na taɓa zai fi maka nauyi." Ta juyo da fuskarta wajena, idanun da ba sa gani suna neman inda nake. "Amma kai ka ji shi. Kai kaɗai ne a gidan nan ka ji shi kusa. Kuma tunda ka manyanta, in ka yi sallama daga zaure sai gabana ya faɗi, don muryarsa ce a bakinka. Faɗa min yadda ya faɗa. Kada ka ba ni labari, labarin na sha ji. Faɗa kamar shi."

Shekara talatin da wani abu maganar tana cikin kaina, ba ranar da ba ta zo min ba, na san inda ya ja, na san inda ya numfasa. Na share fuskata da hannun riga, na gyara zama, na faɗa mata. Na ce kada ta sa damuwa, ina cin abinci sosai, sai dai ba a iya fate a nan ba. Har 'yar dariyar na yi.

Ta rufe ido. Bakinta ya ɗan motsa, hannunta ya matse nawa. Can ta amsa, ba da muryar da take min magana ba, da wata mai taushi da ban taɓa ji ta yi wa kowa ba. Ta ce, "Na ji. Na ji, ɗan nan. Ka ci abin da ka samu. Allah ya yi maka albarka."

Babu wanda zai amsa masa a ɗakin sai ni, don haka na ce amin.